Gero, maiwa, dauro, tamba da acca: wane suna ne na wane tsiro?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ina haɗa jadawalin hatsin da muke nomawa tare da sunayensu na kimiyya domin aikin kammala karatu, kuma akwai wani jeri da ke yawo a wayoyin mutane wanda nake so ku duba mana. Jerin ya ce gero shi ne Pennisetum glaucum, maiwa ita ce Setaria italica, dauro shi ne Panicum miliaceum, tamba ita ce Eleusine coracana, acca kuma Digitaria exilis. Abin da ya sa ni shakka shi ne, a hoto zangarniyar Setaria italica gajera ce kuma a sunkuye take, alhali maiwar da ake nomawa a nan zangarniyarta doguwa ce a miƙe, ba ta da maraba da ta gero a ido.

Malamin Tsirrai:
Wa alaikumus salam, 'yata. Idonki bai yaudare ki ba. Layi uku na jerin daidai ne, wato na gero da na tamba da na acca, amma na maiwa da na dauro ba su da tushe. Setaria italica da Panicum miliaceum amfanin gonar Asiya ne, a arewacin ƙasar Sin aka fara noma su shekaru dubbai da suka wuce, kuma ba sa cikin hatsin da manomin ƙasar Hausa ya gada. Maiwa da dauro duka Pennisetum glaucum ne, jinsinsu ɗaya da gero.

Rikicin daga kalmar millet ta Turanci ya taso, domin ba sunan tsiro ɗaya ba ce, suna ne da 'yan kasuwa da masu ƙididdiga suke kifawa a kan kowane hatsi mai ƙananan ƙwaya, ko da tsirran ba su haɗa komai ba sai kasancewarsu cikin babban dangin ciyawa. A Hausa kuma abin ya juya, jinsi guda muka ɗauka muka ba shi suna uku, saboda abin da ya dami manomi shi ne yaushe zai shuka, yaya zai shuka, kuma yaushe zai girbe. Wanda ya zauna da niyyar sai kowane sunan Hausa ya sami nasa sunan Latin daban, dole ya cike gurbi da abin da babu, kuma haka mai wannan jerin ya yi.

Dattijon Ningi:
Allah Ya gafarta Malam, batun hatsin Sin na bar maka, amma cewa maiwa da gero abu ɗaya ne, wannan ban karɓa ba. Gero ana shuka shi da ruwan farko, kafin ya cika kwana 100 ya nuna, yara na gasa tumu tun damina na tsakiyarta. Maiwa kuwa ko rana ɗaya aka shuka su a gona ɗaya, za a yanke gero a ɗaure dami a kai rumbu tana nan tana ta ganye, ba ta fitar da kai sai damina ta fara ja da baya, kuma tare da dawa ake girbe ta. Karanta ya fi tsayi da kauri, ba a haɗa su rumbu ɗaya, ba a auna su kuɗi ɗaya a kasuwa, mai fura ma da ta damƙi ƙwayar ta san wadda ta riƙe. In duk wannan bai isa ya raba abu biyu ba, to me zai raba su?

Malamin Tsirrai:
Baba, ranka ya daɗe, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma akwai lokacin da manyan masana suka tsaya a inda ka tsaya. A farkon shekarun 1930 wasu masana biyu na lambun Kew da ke Landan, Otto Stapf da C. E. Hubbard, sun rarraba geron Afirka zuwa jinsi fiye da goma, har ɗaya daga ciki suka raɗa masa suna Pennisetum maiwa, da kalmar Hausar kanta. Sai dai da busassun zangarniyoyi da ake aika musu daga ƙasashen da ake mulka suka yi aikin, duk wadda ta bambanta a tsayi ko gashi ko siffar ƙwaya sai su ba ta suna. A 1977 wasu masana uku, Brunken da de Wet da Harlan, suka sake nazarin tarin daga tushe, suka nuna cewa waɗannan siffofi suna shiga cikin juna babu iyakar da za a ja, aka mayar da su jinsi ɗaya.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne haihuwa. Gero da maiwa da dauro duka kuromosom 14 gare su, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta, kuma idan bununin ɗaya ya sauka a kan furen ɗaya, ƙwaya tana fitowa, a shuka ta ta tsira, ta kuma haifi wata. A zangarniyar gero ɓangaren mace ne yake fara fitowa kafin bununi ya zubo, shi ya sa yawancin ƙwayar daga bununin da iska ta kwaso daga wata karar take samuwa. Abin da ya tsare maiwarka daga gaurayewa da geronka shi ne ba sa bununi lokaci ɗaya, domin maiwa tana jiran yini ya fara gajarta kafin ta fitar da kai, gero kuma bai cika damuwa da tsawon yini ba. Irin SOSAT da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta yaɗa a Najeriya shaida ce a hannunmu, a Mali aka samar da shi ta hanyar haɗa souna, wato mai saurin nuna, da sanio, wato mai jinkiri irin maiwa. A gwada haka tsakanin gero da tamba mai kuromosom 36, ko gero da dawa mai 20, ba za a sami komai ba.

Dattijon Ningi:
To, na ji hujjar bununi, kuma na san gero yana lalacewa idan an shuka shi kusa da wani iri, don haka wannan ba baƙon abu ba ne gare ni. Amma ina roƙon yarinyar nan kada ta rubuta gero kaɗai ta share maiwa da sunan ai abu ɗaya ne, domin wanda ya sayi irin maiwa yana zaton gero ne a ƙasar da ruwa ke ɗaukewa da wuri, kara zai girbe.

Ɗan Maraɗi:
Ina goyon bayan Baba a wannan, kuma zan ƙara wani abu daga ɓangarenmu na Nijar. A wurinmu idan manomi ya ce hatsi, gero yake nufi kai tsaye, ba dawa ba, ba masara ba, alhali a Kano hatsi suna ne na gaba ɗaya. Ke nan ko kalmar Hausa guda sai an rubuta garin da aka ji ta kafin a ɗora mata sunan Latin. Zabarmawa suna cewa hayni, mai jinkirin kuma somno, wanda shi ne maiwarmu. A takardun Faransanci gero shi ne mil ko petit mil, amma gros mil dawa ce, Sorghum bicolor, kuma na sha ganin wanda ya fassara rahoto ya mayar da shi babban gero.

Ƙarƙashin hatsin ma akwai sunaye da yawa, kamar zango mai zangarniyar da kan wuce mita ɗaya, da ankutes mai gajeren kai, da HKP wanda hukumar bincike ta INRAN ta inganta daga hayni kire na Zabarmawa. Duk waɗannan iri ne, ba su da sunan Latin na kansu. Wadda nake so Malam ya yi mana bayaninta ita ce shibra, wadda ke fitowa cikin gonar hatsi ba wanda ya shuka ta, ta riga hatsi nuna, ƙwayarta ta kakkaɓe ƙasa tun kafin girbi. A shekarar da rumbu ya ƙare da wuri mata sukan bi gona su tsince ta a ci kafin sabon hatsi ya iso.

Malamin Tsirrai:
Shibra tana cikin kalmomin Hausa da suka shiga rubutun kimiyya yadda suke, masu bincike na Faransa da suka yi aiki a Nijar da sunan suke kiranta. Ruwa biyu ce tsakanin geron gida da geron daji, wanda ake kira Pennisetum violaceum, kuma shi ne kakan geron da muke ci. A littattafai za a same ta da suna Pennisetum sieberianum, wasu kuma su sa ta ƙarƙashin gero da laƙabin stenostachyum. Zubar da ƙwaya da ka ambata hali ne na daji da ta gado, kuma rabuwa da wannan halin shi ne abin da ya mayar da ciyawa amfanin gona. Tsofaffin alamun geron gida da aka tono sun fito ne daga kwarin Tilemsi a arewacin Mali, shekarunsu kimanin 4,500.

Hajiyar Jos:
Ni zan yi magana a kan dauro da tamba da acca, tun da su nake saye nake sayarwa. Dauro a nan Filato da kudancin Kaduna ba a shuka shi kai tsaye a gona, ana yafa shi ne a wuri guda, idan ya taso a cire a yi dashe bayan damina ta yi nisa. Idan ya fitar da kai, duk wanda ya san gero zai gane ɗan gidansu ne. Baƙi da yawa suna rikita shi da tamba don kawai wuri ɗaya ake noma su, amma tamba gajeriya ce, kanta rabe yake kamar yatsun hannu, ƙwayarta ƙanana ce zagayayya, yawanci ja ko ruwan ƙasa, kuma tana shekaru a ajiye ƙwaro bai taɓa ta ba.

Abin da jerin can ya manta gaba ɗaya shi ne iburu. A kasuwa sau da yawa acca ake ce wa duka biyun, amma manomi ya san ba ɗaya ba ne. Iburu ya fi acca tsayi, kansa ya fi yawan rassa, ɓawonsa baƙi-baƙi ne kuma ya fi wuyar surfe. Malam, shi ma jinsi ɗaya ne da acca kamar yadda maiwa take da gero?

Malamin Tsirrai:
A'a, Hajiya, ranki ya daɗe, a nan Hausa da kimiyya sun yi daidai. Gidansu ɗaya, Digitaria, amma jinsi biyu ne. Acca ita ce Digitaria exilis, iburu kuma Digitaria iburua, kuma Stapf ɗin nan ne ya raɗa masa sunan a 1915, daga kalmar iburu ta Hausa ya ɗauko shi. Acca tana yaɗuwa daga Senegal har Chadi, ƙasar Gini ce ta fi kowa noma ta, a can da Mali fonio ake ce mata. Iburu kuwa ƙasarsa kaɗan ce, tsaunukan tsakiyar Najeriya da wasu sassan arewacin Togo da Benin. Ƙwayar acca kusan 2,000 ke cika giram ɗaya, saboda haka ko da ido babu mai haɗa ta da gero.

Tamba kuma ba 'yar Afirka ta Yamma ba ce a asali, daga tsaunukan gabashin Afirka ta fito, wajen Habasha da Yuganda. 'Yar'uwarta ta kusa tana bakin kowace hanya a garuruwanmu, ita ce ciyawar tuji, Eleusine indica, kuma wanda ya duba kan tuji zai ga siffar kan tamba a ƙanƙance.

Ɗalibar Samaru:
Na gode, Malam. Saura matsala guda a kan geron kansa. Tsofaffin rahotannin da ke ɗakin karatunmu suna cewa Pennisetum typhoides, wasu Pennisetum americanum, na baya-bayan nan Pennisetum glaucum, ma'ajiyar bayanai ta Kew a intanet kuma ta ce Cenchrus americanus. Wanne zan sa, kuma me ya haɗa geron Afirka da Amurka?

Malamin Tsirrai:
Duka huɗun tsiro ɗaya ne. Masanin tsirrai Linnaeus a 1753 ya ba gero suna fiye da ɗaya ba tare da ya lura abu guda yake sa wa ba, ciki har da Panicum glaucum da Panicum americanum, na biyun ya gaje shi ne daga marubutan Turai da suka gabace shi, waɗanda suka zaci daga Amurka aka kawo shi. Dokar sunayen tsirrai ba ta soke suna don ma'anarsa ba ta dace ba, abin da take dubawa shi ne wanne aka fara wallafawa bisa ƙa'ida. Sunan glaucum ma ya daɗe cikin ruɗani, domin an yi shekaru ana kiran wata ciyawar daji Setaria glauca da shi, kuma ina kyautata zaton irin wannan yana cikin abin da ke jan mutane su riƙa haɗa geronmu da Setaria.

A 2010 nazarin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa Pennisetum da Cenchrus ba gidaje biyu ba ne, sun cuɗanya da juna, sai aka haɗe su. Cenchrus ya girmi Pennisetum, shi na 1753 ne, ɗayan na 1805, don haka shi ya rinjaya, kuma da yake an riga an ba wata ciyawa suna Cenchrus glaucus, sai aka koma ga americanus. Masu binciken noma da yawa har yau Pennisetum glaucum suke rubutawa. Shawarata ki sa Cenchrus americanus, ki biyo shi da Pennisetum glaucum a matsayin sunan da aka fi sani, ki kuma tambayi mai duba aikinki wanda sashenku yake bi. Abin da zai ba wa Baba mamaki shi ne ƙarangiya ita ce Cenchrus biflorus, kyasuwa kuma a da Pennisetum pedicellatum ce, yanzu su ukun gida ɗaya.

Dattijon Ningi:
Kyasuwa ba zan yi musu ba, kanta da ganyenta suna kama da na gero tun yana ƙarami. Ƙarangiya dai, Malam, sai in ce ilimi kogi ne. Amma iyayenmu sun ba mu labarin cewa a shekarun yunwa an sussuke ƙarangiya an ci ƙwayar da ke cikin ƙayar, saboda haka ba zan ce babu zumunci ba.

Mai Karatu a Hyderabad:
Ina neman izinin malamai in kawo sunayen Indiya, domin yawancin rubutun da mutanenmu ke fassarawa daga nan yake fitowa, musamman tun shekarar 2023 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa waɗannan hatsi bisa shawarar Indiya. Bajra shi ne geronmu, a Tamil kambu. Jowar dawa ce, kuma a nan cikin millet ake lissafa ta. Ragi ita ce tamba. Sauran ba mu noma su a ƙasar Hausa: kangni shi ne Setaria italica, cheena shi ne Panicum miliaceum, kutki shi ne Panicum sumatrense, sanwa shi ne Echinochloa frumentacea, kodo kuma Paspalum scrobiculatum, wanda yake fitowa da kansa a fadamun Afirka ta Yamma amma a Indiya aka mayar da shi amfanin gona.

Kuskuren suna a nan yana taɓa lafiyar mutane. Ragi tana da kalsiyam fiye da miligiram 300 a kowane giram 100, gero kuwa bai kai 50 ba. Mutum ya ɗauko rubutu a kan ragi, ya ga millet, ya fassara da gero, ya ce wa masu shayarwa da tsofaffi kunun gero zai ƙarfafa musu ƙashi, alhali kunun tamba ake nufi. Gero yana da nasa alherin, ya yi fice wajen sinadarin ƙarfe, har cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke nan Patancheru, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, ta fitar da irin Chakti a Nijar a 2018 domin wannan. Haka kuma abin da ake sayarwa a kantunan Turai da Amurka da sunan millet kawai, mai ƙwaya zagayayya ruwan ɗorawa, galibi Panicum miliaceum ne, don haka alƙaluman da ke jikin ledarsa ba na geronmu ba ne.

Ɗan Dawanau:
Wannan bayani ya taɓa sana'armu. A kasuwa idan ɗan gari ya zo, gero ko maiwa ko dauro zai ce, mu buɗe buhu ya duba, babu gardama. Matsalar tana zuwa ne daga masu oda ta waya daga waje, waɗanda za su rubuto millet kawai, wani gero yake so, wani tamba, wani kuma acca yake nufi. Yanzu ba ma ɗora kaya a mota sai mai oda ya rubuto sunan Latin, mu kuma mun aika masa hoton ƙwayar a tafin hannu. Sai dai sunan Latin ɗin bai gama mana aiki ba, domin mai yin fura da yawa ko mai kamfanin garin kunu idan ya ce dauro yake so, ka kai masa gero ka ce ai Pennisetum glaucum ne duka, zai dawo maka da kayanka.

Malamin Tsirrai:
Alhaji ya faɗi abin da ya kamata jadawalin ya ɗauka. 'Yata, kada ki yi shi gida biyu, Hausa da Latin. Ki sa sunan gida tare da yankin da ake faɗarsa, sannan sunan kimiyya da tsofaffin sunayensa, sannan gurbi na uku mai bayyana halin noman: gero mai nuna cikin kwana 75 zuwa 100, maiwa mai wuce kwana 120 kuma mai bin tsawon yini, dauro mai jinkiri da ake dasawa. Sunan Latin zai maimaitu sau uku, kuma hakan daidai ne. Dawa ma haka za ki yi mata, kaura da farfara da masakwa da takanda da karan dafi duka Sorghum bicolor ne. Ki yi hattara da alƙaluman noma na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin layin millet a can ya haɗa jinsi da yawa wuri guda, na Nijar kusan duka gero ne, na Habasha ko Yuganda kuma galibi tamba ce. Ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da likita J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 zai taimake ki wajen kalmomin Hausa, amma sunayen Latin ɗinsa na zamaninsa ne, kowanne sai kin bi shi zuwa sunansa na yau.

Ɗan Maraɗi:
A ƙara da na maƙwabta tun da kasuwanninmu ɗaya. Barebari argum suke ce wa gero, Fulani gawri, ko da yake gawri a wasu wurare dawa ce ko hatsi gaba ɗaya, don haka shi ma sai an rubuta yanki. Hausawan Sudan kuma dukhun suke ji a kasuwa idan gero ake nufi, dawa dura, tamba telebun.

Hajiyar Jos:
'Yata, idan za ki ɗauki hoton acca da iburu domin aikin, kada ki saye su a surfe, domin bayan an cire ɓawo duka biyun fari suke komawa, ko mu masu sayarwa sai mun lura sosai. Ki samo su da kansu daga gona lokacin girbi, ki matse kowanne cikin takarda ya bushe, ki rubuta ƙauyen da sunan da mai gonar ya kira shi da harshensa, domin Birom da Ngas da sauran mutanen nan kowa da nasa sunan, acca ɗin da muke faɗa Hausar kasuwa ce.